Yadda zaka haɗa sigina mai gudu a fitilar bayan motarka

Kasan irin siginar nan da in mai mota ya kunna ta, maimakon fitilar ta kama gaba ɗaya ta mutu gaba ɗaya, sai kaga wutar ta taso daga ciki tana gudu zuwa gefen da zai juya? To ita nake nufi. Mutane da yawa sun ɗauka Audi ne suka fara ta saboda a motocinsu na wannan zamanin aka fi ganinta, amma gaskiya abin ya daɗe, Ford Thunderbird ta 1965 tana da ita, Mercury Cougar ta 1967 ma haka, kuma a lokacin ba wani kwamfuta, ƙaramin moto ne a cikin but yana juyawa yana danna makunnai uku ɗaya bayan ɗaya, kwan fitila uku a kowane gefe. Mustang kuma ta dawo da ita a 2010. Yanzu da LED ya cika duniya kai ma zaka iya haɗa taka in kana da haƙuri da ɗan sanin waya.

Amma kafin ka taɓa filaya akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai, don shi ne yake kayar da yawancin masu wannan aikin: lokaci. Siginar mota tana ƙiftawa ne tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya, yawancinsu wajen 90. In ka raba, kowane zagaye bai kai sakan ɗaya ba, wajen milisakan 670 ne, kuma rabinsa a kashe take. Kenan wutar da ke zuwa wayar siginarka tana zama ne na kamar milisakan 330 kawai sai ta ɗauke. Duk gudun da kake so fitilarka tayi dole ya fara ya ƙare a cikin wannan ɗan taƙin, har ma ya rage saura da fitilar zata tsaya a kunne gaba ɗayanta na baya ya gani. In ka ja gudun ya yi tsawo don ya yi kyau a ido, sashen ƙarshe ba zai taɓa kamawa ba, ko ya ɗan yi wal ya mutu. Ƙa'idar da Turai ke bi ma cewa tayi gudun ya kammala cikin milisakan 200, ya tashi daga ciki zuwa waje, kuma duk sashen da ya kama ya zauna a kunne har ƙarshen ƙiftawar. Ni ko motarka bata ƙarƙashin wannan ƙa'idar shawarata ka riƙe 200 ɗin nan, don lissafi ne mai hankali. Launi kuma ka duba dokar inda kake tuƙi, a Turai siginar baya ruwan lemo ce dole, Amurka ta yarda da ja.

To yanzu buɗe but, cire murfin da ke bayan fitilar, ka duba wace iri ce motarka. Iri biyu ne. Akwai wadda sigina ke da kwanta daban da wayarta daban, birki ma da nasa, yawancin motocin Japan da na Turai haka suke, kuma aikinsu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wadda birki da sigina suka haɗa kwai ɗaya da waya ɗaya, ja ce fitilar, in ka taka birki ta tsaya a kunne in ka sa sigina ta riƙa ƙiftawa, wannan an fi samunta a motocin Amurka. Kar ka yarda da launin waya, kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokacin ma mota iri ɗaya shekara daban launi daban. Ɗauki testa ko maltimita, maƙala baƙar wayar a jikin ƙarfen mota inda ba fenti, ka sa wani ya zauna a gaba ya kunna maka abu ɗaya bayan ɗaya: ƙaramar wuta, birki, siginar hagu, ta dama, ribas. Duk wayar da ka gano ka naɗa mata tef ka rubuta sunanta a kai. Testa mai kwai ta fi daɗi wajen gano sigina don zaka ga tana ƙiftawa da idonka, mita mai lamba kuwa lambobin tsalle kawai zasu riƙa yi kafin su zauna wutar ta ɗauke. Bayan ka gama wannan binciken sai ka kwance kan batir na nagetif, yawanci sifana lamba 10 ce, sannan ka fara yanka.

Sai maganar fitilar kanta. In fitilar motarka dama tana da ɗakuna uku a jere kowanne da soket, ka huta, kwan fitila uku ko LED uku ne sassanka. In ɗaki ɗaya ne dogo to sai ka buɗe ta ka jera LED a ciki ka raba su sassa, kuma nan ne aikin yake cin rai. Wasu fitilun da baƙin danƙo aka liƙe gilashinsu, in ka bi gefen da na'urar hura zafi a hankali zai saki, amma fitilun baya da yawa narka robar aka yi aka haɗe ta, waɗannan sai dai ka yanka ta bayan gidan da ƙaramin zarto inda ba za a gani ba. In zaka iya samun tsohuwar fitila irin taka ka fara koyo a kanta, wallahi ya fi, don gilashi in ya tsage ya tsage kenan. Tsakanin sashe da sashe ka sa ɗan bango na roba ko siririn alminiyom, in ba haka ba hasken sashen farko zai malala ya cika ɗakin duka, gudun ba zai fito ba sai kaga kamar fitilar tana ƙara haske ne kawai. Kuma launin LED ya dace da gilashin: jan gilashi jan LED, gilashi ruwan lemo ko fari LED ruwan lemo. Jan gilashi yana shanye duk hasken da ba ja ba, in ka sa farin LED a bayansa rabin hasken asara ne kuma launin ya fito wani kodadde.

In tsirin LED na 12V ka saya dama da resistocinsa a jiki, wato masu rage wutar da ke shiga ƙwayoyin, kawai ka yanka a inda aka yi alamar almakashi. In kuwa da ƙwayoyin LED zaka jera da kanka ga lissafin. LED ruwan lemo ko ja yana cin kamar 2.1V, ƙananan kuma 20mA suke so. Ka jera uku a layi ɗaya, 6.3V kenan. Kar ka lissafa da 12V, don mota in tana aiki altaneta na kai wutar 14V har 14.4V. Cire 6.3 daga 14.4 ya rage 8.1, raba da 0.02, wato 20mA ɗin nan, ya baka 405, sai ka ɗauki resista ohm 430 ko 470 wa kowane layi. Masu lissafi da 12 su ne bayan wata biyu zaka ga ƙwayoyin sun fara mutuwa ɗaɗɗaya kamar haƙoran tsoho.

Abin da zai riƙa kunna sassan bi da bi kuma hanya uku ce. Mafi sauƙi ka sayi ɗan akwatin da aka riga aka haɗa, waya ɗaya ta shiga daga sigina, ɗaya ta tafi bodi, uku ko fiye su fita zuwa sassan, guda biyu zaka saya ɗaya hagu ɗaya dama. Ka nemi mai ɗan sukurun daidaita gudu, kuma ka duba ko na kwan fitila ne ko na LED kaɗai, don kwai ɗaya mai 21W yana jan kusan 1.75A, uku sun haura 5A, akwatin LED ba zai ɗauka ba zai ƙone.

Hanya ta biyu ita ce ta resista da kafasita, wato ɗan abin nan mai tara caji, ba shirin kwamfuta ba komai, kuma ni tana burge ni don in sassa uku kawai kake so ta wadatar. Fozitif ɗin duk sassan ka haɗe su a wayar sigina. Sashen farko, na can ciki kusa da lambar mota, nagetif ɗinsa ya tafi bodi kai tsaye. Na biyu da na uku kowanne nagetif ɗinsa ya bi ta MOSFET, wato makunnin lantarki mai ƙafa uku da ke buɗewa in wuta ta taru a ƙafarsa da ake kira ƙofa, irin N, misali IRFZ44N, ƙafar tsakiya zuwa LED, ƙafar dama zuwa bodi, ƙafar hagu ita ce ƙofa, wato in rubutun yana kallonka ƙafafun suna ƙasa. Daga wayar sigina ka kawo resista mai juyawa ta 1M zuwa ƙofar, daga ƙofar kuma kafasita 1µF zuwa bodi. Wuta na zuwa kafasitar zata fara cika a hankali, sai ta kai inda MOSFET zai buɗe sannan sashen ya kama, kana ƙara resistar jinkirin na ƙaruwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne dayod, mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, 1N4148 ta isa, a haɗa ta tsakanin ƙofa da wayar sigina kamar yadda resistar take, gefen da ke da zobe yana kallon wayar sigina, don in wuta ta ɗauke kafasitar ta zubar da cajinta nan take ta jira zagaye na gaba. In babu ita ƙiftawar farko ce kawai zata yi gudu, sauran duk tare zasu riƙa kamawa, kai kuma kana ta zargin MOSFET. Ka ƙara zena 12V, wato dayod mai hana wuta haura 12V, daga ƙofa zuwa bodi don kariya. Aibinta ɗaya, gudun yana ɗan canzawa tsakanin mota a kashe da mota a kunne tunda ƙarfin wutar ba ɗaya bane, don haka ka daidaita ta injin yana aiki.

Wani abu a nan, wannan tsarin ta nagetif yake yankewa. In soket-soket ɗin fitilarka nagetif ɗinsu ɗaya ne a haɗe a jikin faranti kamar yadda yawancin na asali suke, ko dai ka raba su kowanne da wayarsa ko ka koma MOSFET irin P ka riƙa yankewa ta fozitif. In baka lura da wannan ba duk sassan zasu kama tare ko me ka yi.

Ta uku ita ce Arduino, 'yar ƙaramar kwamfuta da kake rubuta mata shiri, ga mai son sassa shida ko takwas gudun ya tafi sumul kamar ruwa. Ƙaramar samfurinta da ake kira Nano ta isa. Sai dai kar ka ba ta wuta daga wayar sigina, don kafin ta farka ta fara aiki ƙiftawar ta wuce, musamman masu tsohon shirin farawa da ke jira kusan sakan guda. Ka jawo mata wuta tsayayya ta fiyus ɗinta na 3A ko 5A, fiyus ɗin kusa da inda ka ɗebo wutar ba kusa da akwatin ba, ta bi ta ƙaramar na'urar rage wuta zuwa 5V. Me yasa tsayayya ba ta makulli ba? Saboda dabul sigina tana aiki ko mota a kashe, ranar da ka tsaya a gefen titi da dare ita zaka fi buƙata. Amma Nano tana shan wajen 20mA ko ba ta komai, in mota zata yi makonni a ajiye sai ka sa ta riƙa barci a cikin shirin, sigina ta tashe ta. Wayar sigina kuma kar ta shiga ƙafar Arduino kai tsaye, 14V zai kashe ta a take, ka bi da ita ta PC817, ɗan abin da ke isar da saƙon wuta ta haske ba tare da wutar ta tsallaka ba, da resista 1.5k, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Fita kuwa, in sassan ƙanana ne ULN2803, wato makunnan lantarki a haɗe wuri guda, ɗaya tana da hanya takwas kowacce tana ɗaukar har 500mA, in manya ne MOSFET IRLZ44N wanda 5V ke iya buɗe shi sosai, da resista ohm 100 a ƙofa da 10k zuwa bodi.

Shirin ba wani abu bane: in ka ga wuta ta zo, kunna na ɗaya, bayan ɗan lokaci ƙara na biyu ba tare da kashe na ɗaya ba, haka har ƙarshe, wuta na ɗaukewa kashe duka ka koma farko. Sassa uku tazarar milisakan 90 ta yi, takwas kuma 25. A cikin shirin ka yi amfani da millis, umarnin duba agogo, kar ka yi da delay, umarnin jira, don delay tana tsayar da komai, in ka danna dabul sigina sai hagu ya gama sannan dama ya fara, abin ya zama kamar fitilar biki. Masu son haɗawa da ƙananan na'urorin 555 da CD4017 maimakon Arduino kuma ku tuna 4017 ƙafa ɗaya take kunnawa a lokaci guda tana kashe ta baya, ɗigo ne zai riƙa gudu ba layi mai cika ba, sai an tara dayod da yawa kafin ta yi abin da ake so, ni dai na gwammace CD4015.

Ko wace hanya ka bi, ka bar sashen farko a haɗe da wayar sigina kai tsaye ba ta cikin akwatin ba. Ranar da akwatin ya mutu, kuma kayan lantarki a cikin but da zafi da girgiza suna mutuwa, aƙalla kana da sigina ko da ƙarama ce har ka isa gida.

Yanzu ga inda kowa ke cin karo. Ka gama haɗawa ka mayar da batir ka kunna, sai kaji sigina na taf-taf-taf da sauri kamar an biyo ta. Ba abin da ka ɓata. Filashar mota, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, an yi ta ne ta kuma auna nauyin wutar da kwan gaba da na baya ke ja, in nauyin ya ragu sai ta ɗauka kwai ya ƙone ta ninka saurinta don ta sanar da direba, LED kuwa ɗan abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. Kuma kaga wannan saurin ya raba milisakan 330 ɗinka biyu, gudun ba zai kai ƙarshe ba. In motarka mai filasha ce da ake cirewa, yawanci tana ƙarƙashin sitiyari ko cikin akwatin fiyus, bi ƙarar zaka same ta, canza ta da ta LED shi ne magani mafi tsafta. Ka dai duba ƙafafun, filasha samfurin CF13 da CF14 kamarsu ɗaya amma fozitif da nagetif ɗinsu a juye suke. In kuwa sabuwar mota ce da kwamfutar motar ke sarrafa fitilu babu filashar da zaka cire, ko a canza saitin da na'urar bincike in motar ta yarda, ko ka sa resistar nauyi, ohm 6 mai 50W, tsakanin wayar sigina da bodi, ɗaya a kowane gefe, kuma kafin akwatinka ba bayansa ba. Wannan resistar zafi take yi ba na wasa ba, a 14V tana ƙona sama da 30W duk lokacin da wuta ke kanta. Na taɓa barin ɗaya tana lilo a bayan kafet ɗin but, na bar dabul sigina na kamar minti ashirin, warin roba ne ya sanar da ni. Ɗaure ta da sukuru a jikin ƙarfe, nesa da waya da roba. Irin waɗannan motocin kuma wasu suna aika ɗan bugun wuta lokaci-lokaci don duba ko kwai na nan, kwai baya nuna shi amma LED sai ya yi wal, Arduino ma ta ɗauka sigina ce, sai ka sa a shirin ta yi watsi da duk wutar da bata kai milisakan 10 zuwa 15 ba.

Masu birki da sigina a waya ɗaya, ku naku da ƙari. Akwati mara wayo in ka taka birki zai yi gudu sau ɗaya sannan ya tsaya a kunne, wasu ma suna son hakan don kwalliya, ni bana so. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan, milisakan 200 kenan ya haura mita 5 kafin fitilar birkinka ta cika. Gyaran shi ne ka ɗebo waya daga fitilar birki ta uku, wadda ke saman gilashin baya ko kan but, don ita birki zalla take nunawa. Ka shigar da ita ta PC817 na uku, ka ce wa shirin in wannan na da wuta kuma hagu da dama sun kama a tare, kunna komai nan take ba gudu. In kuma gefe ɗaya ne ya mutu ya dawo alhali ɗayan na tsaye, sigina ce ake yi da ƙafa a kan birki, wannan gefen ya yi gudunsa. Akwatunan sayarwa na irin waɗannan motocin da yawa suna da wannan wayar ta birki, ka tambaya kafin ka saya.

Wajen haɗa wayoyi dan Allah kar ka murɗa ka naɗe da tef ka ce ka gama. Ka sa dalma, ka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, waya mai kaurin 0.75mm² ta isa LED. In da hali ma ka nemi soket namiji da mace irin na fitilarka ka yi 'yar gajeriyar waya ta tsakani, duk yanke-yankenka ya ƙare a kanta, wayar mota ta asali ba a taɓa ta ba, ranar sayarwa ka zare ka mayar yadda take. Nagetif ka ɗaure shi a noti ɗaya da na fitilar, ka kankare fentin wajen. Rabin abubuwan ban mamaki da fitilar baya ke yi, irin ka sa sigina ƙaramar wuta ta riƙa ƙiftawa tare da ita, daga nagetif mara kyau suke. In rabin fitilar taka a kan murfin but yake, to gudun daga can zai fara, sai ka bi da wayar ta cikin robar da wayoyin asali suka bi a gindin murfin, ka bar mata sako-sako don buɗewa da rufewa kar ya tsinke ta.

Kafin ka liƙe gilashin ka gwada komai a kan motar injin na aiki: hagu, dama, dabul, sigina da birki tare, sigina da ƙaramar wuta a kunne. Ido baya iya auna milisakan 200, amma wayar hannunka zata iya, ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, in mai hoto 240 ne a sakan to daga kamawar sashen farko zuwa na ƙarshe kar ya wuce hoto 48. Ka kwatanta hagu da dama a dabul sigina su tafi daidai, in na resista mai juyawa ne sai ka ɗan murɗa har su yi kai ɗaya sannan ka ɗiga mata ɗan gam kar girgiza ta juya ta. Ka fitar da motar cikin rana tsaka ka ja baya kamar taku talatin ka duba, don LED da ke kashe ido a cikin gareji sau da yawa a rana ba a ganinsa, in bai kai hasken kwan asali ba ƙara layi. Sannan ka liƙe da baƙin danƙon fitila, ka bar ƙananan ramukan shan iskar da ke bayan gidan a buɗe, ka watsa mata ruwa sosai ka bar ta ta kwana, da safe in ka ga gumi a cikin gilashin akwai inda bai kama ba, sake bi ta wajen da zafi ka danne.